Daga fagen fama zuwa bakin gona: tsofaffin bindigogin soja da aka mayar na farauta

Da yaƙin basasar Amurka ya lafa a 1865, gwamnatin ƙasar ta wayi gari da tulin makamai da ba ta san yadda za ta yi da su ba. A cikin shekara huɗu na yaƙin an ƙera bindiga samfurin Springfield ta 1861 kusan miliyan guda, tsakanin masana'antar gwamnati da kamfanonin da aka ba kwangila. Ban da wannan, ɓangarorin biyu, Arewa da Kudu, sun shigo da bindigar Enfield ta 1853 daga Ingila wajen dubu ɗari tara, ga kuma tarkacen da dillalai suka kwaso daga rumbunan Ostiriya da Beljiyam da Faransa a farkon yaƙin, lokacin da duk abin da zai yi ƙara ya fitar da dalma ana sayensa. Sojoji suka koma gida, bindigogi suka rage jibge a ɗakunan ajiya.

Yawan ba shi kaɗai ne matsalar ba. Bindigogin nan sun tsufa tun suna sababbi. Dukkansu ta baka ake ɗura su: soja ya tsayar da bindiga, ya yage takardar albarushi da haƙori, ya zuba, ya sa harsashi, ya zaro sandar ƙarfe ya danna, ya mayar da sandar, sannan ya ɗora 'yar hular jan ƙarfen da ke ta da wuta. Gwani ne ke yin harbi uku a minti guda, kuma yawanci a tsaye yake yin wannan hidima, abokan gaba na kallonsa. A 1866 sojojin Furusiya, wata daular Jamus, riƙe da bindigar da ake ɗurawa ta baya, suka murƙushe na Ostiriya masu ɗurin baka a Königgrätz, kuma daga ranar babu hafsan da bai gane inda duniya ta dosa ba. Kowace ƙasa ta shiga neman dabarar ceto kuɗinta. A Amurka Erskine Allin na masana'antar Springfield ya fito da hanyar yanke bayan bututu a sa masa ƙofa. Ingila ta karɓi dabarar wani mai suna Jacob Snider a 1866, Faransa ta yi tata a 1867. Amma waɗannan gyare-gyare na rage zafi ne kafin a ƙera sababbi, kuma kaɗan ne daga cikin tulin suka samu shiga. Sauran sai gwanjo.

Tun kafin gwanjon ma, gwamnati ta ba sojan da aka sallama damar ya tafi da bindigarsa a kan dala 6, a cire daga albashinsa. Da yawa sun saya. Abin da ya rage ya faɗa hannun dillalai, waɗanda ke saye da yawa a farashin da bai wuce na tsohon ƙarfe da kaɗan ba. Wanda sunansa ya fi fita a wannan sana'a shi ne Francis Bannerman na birnin New York, wanda kayansa suka yi yawan da sai da ya sayi tsibiri sukutum a kogin Hudson a 1900 ya gina rumbu a kai, domin hukumomin birni ba za su lamunci albarushi mai yawa haka a tsakiyar jama'a ba. Kangon ginin yana nan har yau. To amma dillali ya sayi bindigar yaƙi dubu goma, wa zai sayar wa? Mai sayen da ke da yawa a Amurkar wancan lokaci manomi ne, musamman bayan dokar 1862 da ta ba duk wanda zai zauna ya noma eka 160 a yankin yamma. Shi kuwa manomi ba bindigar yaƙi yake bukata ba.

A nan ne ya kamata a ɗan dakata a fahimci abin da ke cikin bututun, don duk labarin a kansa ya rataya. Bindigar Springfield da ta Enfield suna da murɗaɗɗiyar tsaga a cikin bututu, daga gindi har baki. Harsashinsu, wanda ake danganta wa hafsan Faransa Claude-Étienne Minié, dalma ce mai tsini da rami a gindi. Yana shiga bututu a sake, amma da albarushi ya tashi sai gindin ya buɗe ya kama tsagar, harsashin ya fita yana juyawa, juyawar kuma ita ke tsayar da shi a kan hanya har ya sami mutum a nisan mita ɗari biyu ko uku. Wannan yana cikin abin da ya sa yaƙin basasar ya ci rayuka yadda ya ci. Amma manomin da tsuntsaye ke cinye masa masara, ko dila ke ɗauke masa kaji, ko yake son zomo da agwagwar ruwa a tukunya, harsashi guda mai nauyi ba ya yi masa amfani. Ƙananan ƙwayoyin dalma yake so, waɗanda za su fita a dunƙule su ɗan bazu, ko da saitinsa bai cika daidai ba. Idan kuwa aka zuba irin waɗannan ƙwayoyi a bututu mai tsaga, tsagar za ta juya su gaba ɗaya, da sun fita baki sai su watse gefe-gefe su bar tsakiya fayau, wato daidai inda aka saita nan ne ba abin da zai je. Ga shi kuma dalma mai laushi tana maƙalewa a cikin tsagar. Abin da ya mayar da bindigar abin tsoro a fagen fama shi ne ya hana ta amfani a gona.

Saboda haka sai aka goge tsagar. Wani lokaci dillalan ne ke yi da yawa a masana'anta kafin su kai kasuwa, wani lokaci maƙerin bindiga na ƙauye ne ke yi wa mutum ɗaya. A rarake cikin bututun ya koma sumul, a cire saitin baya mai hawa-hawa wanda ba shi da aiki kuma, a bar ɗan ƙullutu a baki. Katakon da ke rufe bututu har kusan baki, wanda aka yi don ya jure sukar wuƙar bakin bindiga da wahalar tafiya, a datse shi a rabi, a zubar da zobban ƙarfe biyu daga cikin uku. Sau da yawa bututun ma, mai tsawon inci 40, a rage shi. Bindigar da ta kai kilo huɗu ta yi sauƙin da yaro ɗan shekara goma sha biyu zai saɓa ta ya shiga daji. Abin da ba a taɓawa shi ne kunama da guduma da sauran kayan tayar da wuta, domin aikin gwamnati ne mai ƙarko, ya fi na bindigogin kasuwa masu araha nesa ba kusa ba. Shi ya sa har yau za ka ga bindigar da duk jikinta na manomi ne, amma a gefenta ga hoton mikiya da tambarin gwamnati da shekarar 1862 ko 1863.

Faɗin bututun ma ya zo daidai kamar an shirya. Masu bindigar farauta suna auna faɗi da wani tsohon lissafi: ƙwallon dalma nawa masu faɗin bututun ne za su cika laba guda. Idan goma sha biyu ne, bindigar lamba 12 ce, idan ashirin ne lamba 20, wato duk yadda lambar ta ƙaru bututun ƙanƙancewa yake. Bututun Springfield mai faɗin inci 0.58, da an goge tsagarsa, yana faɗawa tsakanin lamba 24 da lamba 20, wanda ya isa zomo da kurciya. Tsofaffin da suka riga shi, irin samfurin 1842 mai faɗin inci 0.69, waɗanda dama sumul aka ƙera su, sun kai kimanin lamba 14, ba su bukatar komai sai rage katako. Sojoji ma sun san haka tun a yaƙi, domin wasu rundunoni, irin ta 'yan asalin Ayalan da ta yi faɗa a Antietam a 1862, sun riƙe waɗannan tsofaffin suna ɗura musu babban ƙwallo guda da ƙanana uku a kai. Ita kanta rundunar sojan Amurka daga baya ta bi sahun manoma: a 1881 ta ɗauki ragowar bututun yaƙin basasa ta yi bindigar farauta lamba 20 ta raba wa sansanonin yamma don sojoji su sami naman daji, sai dai tata ta baya ake ɗurawa.

Mai karatu zai iya tambaya, tunda bindigar ɗurin baya ta riga ta fito, me ya sa manomi zai ci gaba da wahalar ɗurin baka har kusan ƙarshen ƙarni? Amsar tana aljihu. Harsashin da aka haɗa a masana'anta yana da tsada, kuma sai ka sami wanda ya dace da bindigarka, a shagon da ƙila tafiyar yini ce. Mai ɗurin baka kuwa albarushi kawai yake saye a gwangwani, da ƙwayar dalma a buhu, da 'yan huluna a ƙaramin akwati, ya toshe da tsohuwar jarida ko tsumma. Shi ke auna wa kansa: kaɗan idan kurciya ce, da yawa idan barewa ce. Duk maharbin da ya riƙe bindigar toka a ƙasar Hausa ya san wannan lissafi ba sai an karanta masa ba. Bindiga ce da ke tafiya daidai da ƙarfin mai ita, kuma ina ganin wannan, fiye da arahar sayenta, shi ne ya ba ta tsawon rai.

Faransa ta bi wata hanyar daban da ta ƙare a wuri guda. Bindigoginta na ɗurin baka da aka mayar ɗurin baya a 1867 sun sake zama rara bayan yaƙinta da Furusiya na 1870 zuwa 1871. Aka kwashe su zuwa birnin Liège na Beljiyam, cibiyar maƙeran bindiga ta Turai, aka goge bututunsu suka koma lamba 12, aka tura Amurka ana sayarwa da sunan Zulu a kan 'yan daloli. Bindiga ɗaya, rayuwa uku.

Har zuwa nan labari ne na talaka da ya ga ƙarfe mai kyau a banza ya mayar da shi abin da zai amfane shi. Amma wannan aiki na goge tsaga an yi shi a wasu wurare da wata niyya daban, kuma wannan ɓangaren ne ya fi damuna, domin masu sha'awar tsofaffin bindigogi ba su cika haɗa biyun ba.

A 1857 sojojin Indiya da ke wa Kamfanin Ingila mai mulkin ƙasar aiki suka yi bore, kuma abin da ya kunna wutar shi ne takardar harsashin sabuwar Enfield ta 1853, wadda aka ce an shafa mata kitsen saniya da na alade, ga shi kuma da haƙori ake yage ta. Hindu ba zai sa kitsen saniya a baki ba, Musulmi ba zai sa na alade ba. Da Turawa suka murƙushe boren, darasin da suka ɗauka shi ne kada su sake bari sojan Indiya ya riƙe bindigar da ta kai ta Bature. Sai suka ɗauki Enfield ɗin suka rarake cikinta ya koma sumul mai faɗin inci 0.656, suka cire saitin nesa suka sa na dindindin, suka ba 'yan ƙasa. A ido iri ɗaya ce da ta sojan Ingila, a fareti ba ka bambanta su, amma idan rana ta ɓaci Bature zai harbe ɗan Indiya daga nisan da shi ba zai iya ramawa ba. Rarakewar ta sa bututun ya yi siriri har wasu suna kumbura suna fashewa, sai a 1859 aka ƙera wata mai kaurin bututu, amma ita ma sumul. Aikin da maƙerin ƙauye a jihar Ohio ta Amurka ya yi wa manomi don ya ci zomo, shi gwamnatin mulkin mallaka ta yi wa sojanta don kada ya ɗaga kai.

A Afirka abin ya wuce umarnin barikin soja, ya zama yarjejeniyar ƙasa da ƙasa. A watan Yulin 1890 ƙasashen Turai da wasu suka sa hannu a kan yarjejeniyar Brussels, wadda aka ce an yi ta don yaƙi da cinikin bayi. A cikinta aka hana sayar wa mutanen Afirka bindigogin zamani a duk faɗin da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu, wanda ya haɗa da ƙasar Hausa da Borno gaba ɗaya. Abin da aka bari a sayar shi ne bindiga mai ƙanƙara, wato wadda dutse ke ƙyasta mata wuta, marar tsaga, da albarushin kasuwa. A lura, ko mai hula ba a ambata a cikin abin da aka halatta ba, sai mai ƙanƙara, wadda sojojin Turai suka ajiye tun wajen 1840. Maƙeran Liège da Birmingham ba su yi asara ba. Sun ci gaba da ƙera sababbi masu araha, sannan a Liège aka riƙa ɗaukar tsofaffin bindigogin soja, a goge tsagar wadda ke da ita, a mayar da mai hula ta koma mai ƙanƙara, a loda a jirgi zuwa gaɓar Afirka. Gyara ne na komawa baya da gangan. Garin Brandon na Ingila, inda ake fasa ƙanƙarar bindiga tun zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, ya ci gaba da rayuwa a kan kasuwar Afirka har cikin ƙarni na ashirin, bayan sojojin Turai sun daɗe da daina saye.

Ba zan ce wannan yarjejeniya ita kaɗai ta ci ƙasashenmu ba. Rundunar daular Sakkwato ta dogara ne a kan doki da mashi da baka, 'yan bindiga ƙalilan ne a cikinta, ko da yake sarkin Damagaram Tanimu ya tara dubban bindigogi har ya sa an zuba masa igwa a Zinder. Fasa-ƙwauri ma bai tsaya ba, Samori Ture na yankin Gini ya sami bindigogin zamani ta Saliyo, Rabe ma yana da nasa. Amma a dubi bambanci: Menelik na Habasha, wanda ya sami damar sayen makaman zamani a fili, ya karya Italiya a Adwa a 1896. Kano kuwa, a watan Fabrairun 1903, ganuwarta ta fuskanci igwa da bindiga mai sarrafa kanta, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi a watan Yuli. Tazarar da ke tsakanin makaman ɓangarorin biyu ba ta faɗo daga sama ba, akwai waɗanda suka zauna a teburi suka rubuta ta. Inuwar wannan rabe-rabe tana nan a dokar makamai ta Najeriya ta 1959, wadda ta ware bindigogin ɗurin baka marasa tsaga a rukuni na daban, da sharuɗɗan da suka fi na sauran sauƙi.

Ko a Amurkar ma ba kowa ne aka bari ya ci moriyar arahar ba. Baƙaƙen fata kusan dubu ɗari da tamanin ne suka yi wa rundunar Arewa yaƙi, kuma wasunsu sun biya dala shidan nan sun tafi gida da bindigoginsu. Kafin shekarar 1865 ta ƙare jihar Mississippi ta yi doka cewa baƙin da aka 'yanta ba zai riƙe bindiga ba sai da izini, kuma gungun fararen fata suka riƙa bin gidaje suna ƙwacewa. Ga iyalin da ba su da gona tasu, bindigar nan ita ce nama a miya, ita ce kuma abin da ke sa mai zuwa da dare ya yi tunani sau biyu.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye ba game da waɗannan bindigogi: da yawansu sun zama haɗari. Rarake bututu rage masa kauri ne, kuma ba kowane maƙeri ne ya san iyakar da zai tsaya ba. A Liège da Birmingham akwai gidajen gwaji na hukuma, na Birmingham tun 1813, inda ake ɗura wa bututu fiye da ƙima a harba kafin a buga masa hatimi, amma wanda aka gyara a ƙauye babu mai gwada shi sai mai shi, da fuskarsa a jikin katako. Baƙin albarushi kuma yana barin dauɗa mai jan danshi, idan ba a wanke ba tsatsa na cin ƙarfen daga ciki inda ido ba ya gani. Mafi muni ya zo ne bayan 1884, lokacin da Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda ƙarfin matsinsa ya wuce abin da tsohon bututu zai ɗauka. Duk wanda ya zuba shi a bindigar ɗurin baka ta wancan zamani yana wasa da hannunsa da idonsa ne. Sannan manomi yakan ajiye bindigarsa a ɗure a bayan ƙofa, ya mutu, jikoki su gaje ta ba su sani ba, kuma baƙin albarushi idan ya zauna a bushe yana iya tashi bayan shekara ɗari. Masu gidajen tarihi sun san wannan, shi ya sa abu na farko da suke yi wa tsohuwar bindigar ɗurin baka shi ne tabbatar da cewa babu komai a cikinta.

Yau a kasuwar kayan tarihi waɗannan bindigogi su ne 'yan bora. Springfield da ta tsira yadda aka ƙera ta tana da daraja, wadda aka datse kuwa ana kallonta a matsayin wadda aka lalata, kuɗinta kashi kaɗan ne na waccan. Wannan ya haifar da sana'ar mayar da su yadda suke: a ƙara katako a ɓoye mahaɗin a ƙarƙashin zobe, a sa sabon saiti, wani lokaci a zura wani bututu mai tsaga a cikin tsohon. Idan an faɗa wa mai saye gaskiya babu laifi a ciniki, idan an ɓoye kuma algus ne. Amma ko da an faɗi gaskiyar, ni ina ganin asara ake yi. Bindigar nan shekara biyu ko uku ta yi a hannun soja, wata ma ba ta taɓa barin rumbu ba, amma ta yi shekara talatin ko arba'in tana ciyar da gida. Wanda ya datse katakon ba ɓarna ya yi ba, ya san abin da yake so kuma ya samu. Bindigogin yaƙin basasa da ba a taɓa ba sun cika gidajen tarihin Amurka, masana'antar Springfield kanta, wadda aka rufe a 1968, gidan tarihi ce yanzu mai ɗauke da jerinsu. Abin da ke ƙaranci shi ne shaidar yadda talaka ya rayu bayan an daina harbi, kuma duk wadda aka mayar ta soja an goge wannan shaidar.

Haka nake kallon tsofaffin bindigogin da ke fadojinmu da gidajen maharba, waɗanda 'yan bindiga ke fitowa da su ranar hawan salla. Mafi yawansu ƙirar maƙeran gida ne, amma a cikin tsofaffin akwai masu bututu ko kunamar da suka ƙetaro teku, wasu da hatimin gidan gwajin Liège ko na Birmingham a gindin bututu, an sake musu ƙota sau biyu ko uku, an ɗaure tsagewar da fata ko waya. Wanda ya gaji irin wannan kada ya kankare ta da takardar yashi don ta yi ƙyalli, kada ya cire ɗaurin fatar, kada kuma ya gwada harba ta. Ya sa wanda ya san aikin ya duba ko a ɗure take, ya shafa mata mai kaɗan, ya ɗauki hoton duk wani hatimi da ke jikinta, sannan ya zauna da dattawan gidan ya rubuta wa ya riƙe ta, daga ina ta zo, da abin da aka yi da ita.